Ɗakin da Na Gina a Kan Kududdufi

A bayan gidanmu da ke Saulawa akwai kududdufi. Daga nan Baba ya haƙi ƙasar da ya gina gidan, ramin kuma ya zama matattarar ruwan unguwa. Da damina ta kankama sai ya cika, kwaɗi su yi ta kuka, agwagin maƙwabta su wuni a ciki. Har yau ina kewar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar bakinsa.

Ni na cike shi. Bayan rasuwar Baba na sami ɗan abin hannu a cinikin barkono a kasuwar Makarfi, na ce sai na gina wa Inna, mahaifiyata, ɗakin bulo da kwano. Na rushe tsohon ɗakinta na ƙasa, na tura ɓaraguzan cikin ramin, aka bi da shara da leda, tifa ta kawo jar ƙasa ta rufe sama. Cikin rani guda wuri ya yi lebur.

Inna ta fito ta taka wurin da ƙafa. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, an daɓe ƙasar nan kuwa?"

"Inna, siminti za a zuba. Daɓe ai na zamaninku ne."

"To. Ku dai kun fi mu sauri," ta ce, ta koma ciki.

Ina yaro na sha ganin daɓe. Mata su taru, a baza ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, su durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa, sai ta kwanta sannan a ƙara wata. Na san wannan sarai. Gaggawa ce da son a ce na yi. So nake kafin Sallah mutane su ga kwano yana walƙiya. Allah Ya yafe mini.

Na gina ɗakin a kan wurin, Inna ta shiga ta yi 'yan shekaru. Ruwan da kududdufi ke shanyewa ya rasa wurin zuwa, ya riƙa kwanciya a gindin bango. Tsaga ta fito siririya, na shafe da siminti. Sai aka fara aikin hanya kusa da mu. Ranar da motar danne ƙasa ta iso, tukwane suka yi ta kaɗawa, mata suka fito suna salati, ana cewa girgizar ƙasa ce. Zauren da Baba ya gina da tubali ko gezau. Bangona ne ya buɗe har hannu na shiga, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Na roƙi injiniyan da ke gwada ƙasar hanyar ya zo ya duba. Ya sa aka haƙa gefe, ya zaro leda da tsumma, ya matse ƙasar a hannu ruwa ya tsattsafo.

"Malam, a kan bola ka kwantar da tsohuwa? Wannan fa mota ce kawai. Da girgizar gaske ce, ƙasa mai ruwa irin wannan kunu take komawa a ƙarƙashin gini."

Ya ce a kwashe sharar duka, a zuba ƙasa mai kyau hawa-hawa ana dannewa, a bar wa ruwa rabin raminsa, a dasa ciyawar jema a baki don ta riƙe ƙasa.

A ranar ƙanwata ta zo ta tafi da Inna gidanta a Kudan. Inna ba ta yi mini faɗa ba. A bakin mota ta ce ita dai a gidan da aka kawo ta amarya take so a fitar da gawarta.

Yanzu ƙafafunta sun yi nauyi, gidanmu kuma ya yi shiru, babu tarinta da asuba, babu ƙarar butarta. Na rushe ɗakin, na kwashe sharar. Kullum in na taso daga gona ina baza ƙasa kaurin tafin hannu, in yayyafa ruwa, in buga. Hannuna yana ƙaiƙayin in ƙara kauri in gama da wuri, domin ban san kwanakin da suka rage wa Inna ba. Sai in hana shi.

Shekaranjiya na kira ta a waya.

"Kai wannan, kana sa ruwa kuwa?"

"Ina sawa, Inna."

"Kwaɗi sun dawo?"

Ruwa ya fara taruwa a rabin ramin. Na taka zuwa bakinsa na miƙa wayar, na riƙe ta a nan har hannuna ya gaji.