Moton Baffa da tara biyu a hannuna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal kusa da Buza, ni da taubashina, ɗan gwaggona, munka yi ɓarna. Mun ari moto, wato babur, na Baffa, yayan mahaifina, don mu tahi bikin wani aboki a Garhanga. Babu wanda ya duba man inji cikinmu, kowa na zaton ɗan'uwansa ya duba. A hanyar dawowa injin ya buga. Haka munka turo shi cikin rana, muna zargin juna, har garejin wani makanike, munka ɓoye shi can.

To Baffa tsohon soja ne. Ko gaisuwa ka je yi masa sai ka gyara tsayuwa. Kuma moton nan ya fi son shi da wasu daga cikin jikokinsa, wannan kowa ya sani a gida. Dole ɗayanmu ya je ya tsaya gabansa ya faɗa masa gaskiya. Kwana uku muna turawa juna.

A lokacin mun kamu da wata karta ta salula da ake kira poka. Kafin malamai su taso mini, ba kuɗi muke sawa ba, jeto ne na wasa da ake ba kowa kyauta. Ana raba maka karta biyu, a buɗe biyar a tsakiya, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe. Irin wadda muke yi ba ta da iyaka, wato mutum na iya tura duk jetonsa lokaci guda, abin da ake ce wa tapi. In an yi maka tapi, ko ka bi da naka duka, ko ka ajiye karta ka bar abin da ka riga ka zuba.

Taubashin nawa ne ya kawo shawara ta waya. "Mushe, ranar Asabar da hantsi mu zauna ni da kai. Wanda jetonai yaƙ ƙare, shi ka tahiya wurin Kawu." Shi kawu yake ce masa, ni Baffa. Mushe kuwa haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu.

Na yarda, don ina ganin ni ne mai lissafi, shi kuwa manomin albasa ne a fadamar Madawa. Girman kan mai alli ke nan.

Asabar ta zo, na zauna ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, a bayan aji inda rezon waya ya fi kamawa. Hannu na farko, ya yi mini tapi. Na ajiye. Na biyu ya ɗan yi wasa kamar mutum, na uku, tapi. Na sake ajiyewa. Haka ya riƙa yi mini, ni kuwa ina jiran karta mai kyau wadda ta ƙi zuwa. Kafin rabin awa jetona ya zaizaye sosai, kuma duk lokacin da na ajiye sai in ga fuskar Baffa. Wallahi tsoro nake ji na gaske.

Da abin ya ishe ni sai na tura masa saƙon murya. "Kai, wannan wace irin karta ce? Hauka kake ko aljanu?"

Ya maido mini yana haki yana dariya. "Mi ya hwaru, Mushe? In kana da zuciya ka biyo ni mana."

Ban damu da tsokanar ba, taubashi ne, aikinsa ke nan tun muna yara. Abin da ya tsaya mini a kunne shi ne ƙarar motopom, injin jan ruwa, a bayan muryarsa. Ashe ban ruwa yake yi. Ni kuma na taɓa yin hutu biyu ina taya shi aikin nan, na san yadda yake. In ruwa ya cika fangali, wato ɗan gurbin da ake dasa albasa, dole ka ruga da hauya ka toshe, ka buɗe wa na gaba, in ba haka ba ya fasa ya kwashe maka dashe. Sai na fara lura. In ruwa na cika, yana da sarari, sai ya yi wasa a hankali. Da lokacin juyawa ya yi, sai tapi nan take, don ya jefa waya aljihu ya tahi. Ko kartar ba ya tsayawa dubawa.

Hannu na gaba aka ba ni tara biyu, wato karta biyu masu lamba tara. Ba abin alfahari ba ne, duk wanda ya riƙe goma biyu ko sama ya gama da ni. Ko daƙiƙa ba a yi ba ya turo tapi. Layin lokaci ya fara raguwa. Zuciyata na cewa ajiye, ka jira mafi kyau. Amma in na ci gaba da jira, jeton zai ƙare a banza, in tahi wurin Baffa ban ko gwada ba. Na rufe ido ɗaya na danna.

Huɗu da takwas ne a hannunsa. Karta biyar sunka buɗe, babu wadda ta taimake shi. Jetona ya ninka, bayan hannu kaɗan na sake kama shi daidai lokacin juya ruwa, wasa ya ƙare. Na yi tsalle har wata mai tallan ƙosai ta tsaya tana kallona.

Washegari ya sa babbar riga ya tahi wurin Baffa, ni kuwa na zauna ina jiran labari ina murmushi. Bayan la'asar ya kira ni, muryarsa wasai.

"Ya yi hwaɗa?" na tambaya.

"Ya yi, sosai. Daga baya ya ce, 'Ku biyu kunka ɗauka, ina gudan?' Na ce kana lakwal. Ya ce, 'Ran Lahadi?' Sannan ya ce shi ya tsuhwa da hawan moto, tun da ni na iya zuwa in dube shi ido da ido, in gyara in riƙe. Ya bar mini, Mushe."

Na kashe waya, murmushin nan ya ɓace.

Har yau in na tuna sai in yi dariya, amma da ɗan ciwo a ƙasan dariyar. Na koyi cewa mai yawan tapi ba kullum yake da karta ba, wani lokaci ruwa ne ya cika masa fangali, kuma sai ka san aikin mutum kafin ka san wasansa. Sai dai duk wannan wayon na kashe shi ne wurin gudun tsoho guda, wanda ba abin da yake so illa a zo a faɗa masa gaskiya. Baffa bai taɓa tada mini maganar ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Taubashin nawa kuwa shekara huɗu yana zuwa Buza a kan moton, ya tsaya ƙofar aji ya danna oda, ya ce in zo ya rage mini hanya.