Ruwan Sama a Ɗakin Goggo

Warin kalwa a kan wuta ne ya cika gidanmu na Gwaram a ranar, har ya danne ƙamshin ƙasar da iskar hadari ke korowa daga wajen Farin Dutse. Goggo ce ke daddawa. Ƙanwar babana ce, ta dawo daga Kano bayan rasuwar mijinta, wani direban babbar mota, da akwati ɗaya da tukwane da baki mai kaifi. Shekarun ne ake ta cewa arzikin mai ya shigo ƙasa, samarin garinmu suna tafiya birni su dawo da rediyo a kafaɗa. Ita ta dawo ba rediyo, ba labari.

Ni a lokacin ina makarantar kwana a Birnin Kudu, na zo hutu. Malamin Hausa ya ba mu wata rubutacciyar waƙa mu yi sharhinta, ya ce wadda ta fi iyawa ita za ta karanta nata gaban iyaye ranar rufe makaranta. Waƙar a kan talakawan wata unguwa ce ta bayan birni, masu ɗakunan langalanga a bakin kwata, da yadda suke kwana da yunwa su tashi da ambaton Allah. Na haddace ta tun a mota. Baitin da ya fi tsaya mini shi ne na damina, inda ruwa ke dukan kwano mata suna ɗaga hannu sama.

Ina son Goggo, ko da yake ban taɓa samun fuskarta ba. Tun ina ƙarama aka yi zancen ba ta ni riƙo, Baba ya fasa ya sa ni boko, ita kuma ba ta manta ba. Na saka a raina cewa in ta ji yadda na fahimci zaman da ta yi a irin wannan unguwa a Kano, za ta sauko, har ta zo Birnin Kudu ta zauna a layin iyaye.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana juya tukunya.

"Goggo, sannu da aiki. Wata waƙa zan karanta miki."

"Waƙa kuma? 'Yar boko, in hannunki na da lafiya ga muciya."

Na tsuguna na karanta duk da haka. Ba ta ɗago ba. Na shiga sharhina, na ce mawaƙin ya nuna talaka ya fi mai kuɗi kusanci da Ubangiji, na ce kwatar nan duniya ce, haƙurin mutanen kuma fure ne da ya tsiro a gefenta.

"Fure," in ji ta. "Shi malamin naku ya taɓa sunsuna furen?"

"Ai kwatance ne, Goggo."

"To kwatanta mini. Ina jin ki."

Na zo kan baitin damina. Ni 'yar manoma ce, a garinmu in ruwan fari ya sauka yara tsalle suke a tsakar gida, tsofaffi suna hamdala. Ban san ruwan sama da wata fuska ba. Na ce matan suna ɗaga hannu ne don murnar rahama ta iso har ƙofar wanda ba shi da komai, ƙarar kwanon kuma kamar kiɗan biki ce da Allah ya aiko musu kyauta.

Ta ajiye muciyar.

"Maki nawa za a ba ki?"

"Na'am?"

"Na ce maki nawa ake bayarwa a kan wahalarmu? Mu mu sha, ku ku ci jarrabawa da ita. Har da kiɗan biki!"

Raina ya ɓaci. Na ce ai waƙar yabonsu take yi, kuma wanda bai yi karatu ba da wuya ya gane inda aka dosa. Na ji nauyin maganar tun kafin ta gama fita daga bakina.

Sai ruwa ya tsinke. Muka ja tukunyar zuwa rumfa, ta faɗa ɗaki na bi ta. Ɗakin a kan tudu yake, daɓensa bai taɓa jiƙewa ba, amma Goggo ta shiga kwashe kaya daga ƙasa da sauri. Tabarma, ƙwarya, takalma, buhun gero, duk ta jibga a kan gado. Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana kallon bakin ƙofa.

Na yi 'yar dariya don in rage zafin abin. "Goggo, nan fa Gwaram ce."

Ta juyo. "Fita."

"Ruwa ake yi."

"Ba rahama ba ce? Je ki sha kiɗan."

Na fita, na jiƙe sharkaf kafin in kai ɗakin Inna. Har hutun ya ƙare Goggo ba ta ƙara amsa gaisuwata da fiye da "lafiya" ba. In na shigo rumfa sai ta tuna tana da aiki a bayan gida. Inna ta ce in ba ta haƙuri, na ba ta, ta ce ita ba ta san an yi mata laifi ba.

Na koma makaranta na cire maganar kiɗan biki, na bar sauran. Ni aka zaɓa. Na karanta gaban iyaye, aka tafa, Baba ya yi ta gyaɗa kai. Goggo ba ta zo ba. Kafin hutu na gaba ta tattara ta koma Zandam wajen wani ɗan'uwa, a can ta zauna har ta rasu, ba mu ƙara zama mu biyu ba.

Ina da 'ya'ya manya lokacin da wata tsohuwa ta zo daga Kano ta'aziyyarta. Ita ta gaya mini cewa a unguwarsu Goggo ce mai waƙa. In an yi rashi ko gobara, ita ke tsara wa mata baitocin haƙuri da dogara ga Allah suna amshi. Ta daina ne daminar da kwata ta cika ta shiga ɗakuna, ruwan ya tafi da 'yarta mai rarrafe.