Asuwakin Kawu

Jiya jikata ta nuna mini wani Bature a waya yana kaɗa 'yar sanda gaban makaɗa, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Kafin ya iso Makka, ya daɗe a Asmara yana shara a ɗakin wani ɗan Italiya mai jagorantar mawaƙan opera. Yakan ce, "Mutumin nan bai taɓa busa komai ba, amma numfashin kowa na hannunsa."

A shekarun sittin, mu huɗu ke ɗaukar tsofaffi bisa gadon katako mu yi ɗawafi da su. Ran nan ƙafafunmu suka saɓa, wata gyatuma ta kusa faɗowa tana salati. Kawu, da ke jagorantarmu, bai yi faɗa ba. Ya zare jiƙaƙƙen asuwakinsa daga baki, ya ɗaga.

"Nan za ku duba, 'ya'yana, ku bar kallon ƙasa."

Sama, ƙasa, sama, har muka cika bakwai, tsohuwa na gyangyaɗi.

Ranar da muka ɗauko makararsa daga unguwar Misfala ba mai ɗaga mana komai, amma ƙafa ba ta saɓa ba. Allah ya sa haka tasa za ta daidaita a kan Siraɗi.