Kofin wiskin da na shanye a gaban surukina

Shekarun baya, na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham don in gaida mahaifin yarinyar da nake nema. Likita ne mai ritaya, ɗan Jos. Ta gargaɗe ni: in Baba ya ce a'a, magana ta ƙare.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi ka hau kujera, kafet ɗin nan ba na gado ba ne." Sai ya ɗauko kwalbar wiski mai tsada, irin wanda ake kira single malt, ya zuba mana, ɗan kaɗan a gindin kofi.

Ni Kirista ne, ina ɗan taɓawa. Amma a Wusasa aka raine ni, ko ruwa ba ka sha a gaban suruki. Ƙin karɓa kuma raini ne. Sai na juya fuska bango, na kwankwaɗe shi lokaci ɗaya don a wuce wurin.

Tari, hawaye, har da majina.

Baba ya jira na gama. "Abin nan ya shekara goma sha biyu a ganga yana jira, kai ka kasa ba shi minti biyar. Haka kake komai?"

Na ce a raina shi ke nan, auren ya tafi.

Ya sake zubawa, ya ɗiga ruwa. "Shinshina tukuna. Kuma kada ka karanto min bayan kwalba."

Na shinshina, na kurɓa. Na ce ina jin dabino da ɓawon lemo, sai hayaƙi can ƙasa-ƙasa, irin wanda ke kama riga in ka tsaya wurin mai tsire. Ya ce zaƙin daga gangar ne, an taɓa ajiye giyar inabi mai suna sherry a ciki. Hayaƙin kuma na peat ne, wata baƙar ƙasa da ake ƙonawa a busar da hatsin.

"To, ya yi?"

"Gaskiya Baba, zaƙin ya ɗan yi yawa. Hayaƙin na fi so, kuma ba ya daɗewa."

Sai ya ƙwala wa matarsa kira: "Zo ki ji, na samu mai shaida!" Ashe sun daɗe suna musu a kan zaƙin nan, shi yana cewa ya yi yawa. Ya juyo gare ni. "Ka ce wa kawunanka su zo."

Ban zama gwanin wiski ba har yau. Na dai gane cewa dattijon nan so yake in zauna in faɗi abin da na ji. Yanzu in ya buɗe sabuwar kwalba ni yake bugo wa, 'yarsa, matata yanzu, na gefena tana tsaki.