Wanzamin da na zarga ranar kaciyar ɗana

Shekarun baya, ina malamin ofis a Kebbe, na kai ɗana na fari garinmu Jabo aka yi masa kaciya tare da sa'o'insa. Tsohon wanzamin garin ne ya yi aikin da hantsi. Kafin azahar jinin kowa ya tsaya, ban da na ɗana. Har la'asar yana jiƙa tsumma.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na jera zargina. Na ɗaya, askar ta dakushe. Na biyu, hannun tsohon ya fara rawa. Na uku, wanda na fi riƙewa, ramuwa ce: wata shekara mun yi rigimar iyakar gona da ƙanensa. Na tsaya ƙofar gidansa na faɗi na ukun a gaban jama'a.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, jinin ga ba na aska ba ne. Kai shi asibiti tun da sauran rana."

Har wannan ma na ɗauka wayon kare kai ne. Amma na ɗora yaron da uwarsa a babur zuwa asibitin Tambuwal.

Bayan an ƙara masa jini, likita ya zaunar da ni da matata. Ya ce rashin daskarewar jini iri biyu ne, akwai wanda ake samu daga baya, akwai na gado. Ya tambaya ko maciji ya sari yaron, ko ya yi shawara, ko mun ba shi wani magani. Duk na ce a'a. Sai ya tambayi matata ko a mazan danginta akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa.

Ta ce yayanta a kaciya ya rasu, ƙanen mahaifiyarta kuma bayan an yi masa ƙaho. A gidansu an ce sammu ne, aka hana zancen.

Gwaji a Sakkwato ya nuna himofiliya ce, ciwon da uwa kan ɗauka ba ta sani ba, ya bayyana ga ɗa namiji. Yaron ya rayu, muna kiyayewa.

Na nemi gafarar wanzamin bayan sallar Juma'a, ya ce ya yafe. Sai dai zargi ya fi ban haƙuri gudu. Gidaje da yawa ba su ƙara kiransa ba har ya rasu. Har yau a kasuwa nakan ji ana cewa "wanzamin da ya kusa kashe ɗan malam". Nakan tsaya in gyara zancen tun daga farko. Ba kowa ke jira in kai ƙarshe ba.