Hular Kwanon Yaya Sani

A gidanmu na Magama, idan an gama tuwon dare, kakarmu Iya Ladi ba ta bari garwashin murhu ya mutu a banza. Sai ta jawo tabarma ta miƙe ƙafa, ta ce, "Wa ka son ƙarya mai daɗi?" Mu kuwa mu zube gabanta. Daga nesa muna jin ƙugin manyan motocin da ke jiran a buɗe musu iyaka su wuce Maraɗi.

Yayana Sani shi ne uban surutu. Iya tana kiransa "mijina marar kai", shi kuma ya ce ya sake ta tun bara.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta kunkuru. Wai a da ƙoƙon bayansa ɗaurawa yake yi da igiya. Ranar wani biki ya ari babbar riga ya sa, ya ɗora ƙoƙon a kan rigar, igiya ta ƙi kaiwa. Ya ce ai ba komai, tunda yana bisa. A gangaren gulbi santsi ya kwashe shi, ƙoƙo ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya faɗa kan dutse. Sani yakan kifa ƙwarya a ka ya yi ta mirginawa, mu yi ta dariya har da hawaye.

"Mi kuka ma dariya, ja'irai?" in ji Iya. "Ƙoƙon bai ci amana tai ba. Shi na bai ɗamre ba."

Iya ta rasu, muka girma. Sani ya zama magidanci, yana ɗauko albasa a keke daga ƙauyukan tsallake zuwa kasuwar Jibiya. Wani abokinsa ya kawo masa hular kwano daga Maraɗi, ya karɓa da murna. Amma magidanci ba ya wuce majalisar dattawa ba hula. Sai ya riƙa ɗora ta a kan hularsa ta saƙa, maɗaurin yana reto, don ba ya kaiwa haɓa.

Na taɓa ce masa, "Yaya, ka cire ɗaya mana."

Ya ce, "Ke dai Hindatu, kina so surukaina su gan ni kamar ɗan ƙwallo?"

Wata safiya akuya ta gitta masa kusa da shingen kwastan. Ba gudu yake ba, amma ya faɗi da keken. Hular kwano ta yi tsalle ta faɗa kwata, ƙeyarsa ta bugi bakin kwalta. A asibiti a Katsina likita ya juya hular a hannu, ko ƙwarzane babu. Ya ce ba ta hana karaya, ba ta kuma iya wa babbar mota, amma irin wannan faɗuwar ce aka yi ta dominta, in an ɗaure.

Sani ya rayu, alhamdu lillahi, sai dai abubuwa da yawa sun zube daga kansa. Abin yana ci mini rai har yau. Shekaru muna jin labarin kunkurun nan, abin dariyar kawai muka kwasa.

Da sallar da ta wuce na tara 'ya'yansa na ba su tatsuniyar kunkuru. Yana gefe yana saurare, ya yi dariya sosai. Sannan ya dube ni ya ce, "Hindatu, wa ya ba ki wannan? Ban taɓa jin ta ba."