Ciwon Kan Rifkatu

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu a Kwoi, kuma har yau ban daina jin kunyarta ba.

Ciwon kai ne ya cinye mata rayuwa. Yakan taso daga ƙeya, ya hau har cikin ido, ya kwantar da ita kwana uku a ɗaki mai duhu. Da yake ya fi kama ta lokacin tonon citta, sa'ad da kowane gida ke fita gayya, sai muka yanke hukunci cewa gudun aiki take yi. Ni da bakina na raɗa masa suna ciwon ganin fartanya, dangi suka yi ta dariya. Aka kai ta gidan addu'a, aka kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga. Da kowa ya gaji, ta koma shan ƙwayoyin kemis ita kaɗai, har ƙodarta ta lalace.

Sau ɗaya ta taɓa tanka min. Ta kama hannuna ta ɗora a bayan kanta, ta ce, "Bitrus, a nan abin yake, kamar waya. Ba ƙarya nake yi ba." Na janye hannun, na ce rana tana yi, gona na jira na.

Bara wani likita a nan Kafanchan ya ba ni labarin wata 'yar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fata, tana aika wa jijiyar ƙeya lantarki kaɗan-kaɗan. Ya ce masu ciwon da ya gagari magani ake yi wa, wasu su samu sauƙi, wasu ba sa samu. Na tambaye shi inda ake yi, ya yi murmushi ya ce shi ma a takarda ya karanta.

Me Rifkatu za ta ce da ta ji? Ina jin dariya za ta yi, ta ce ashe Turawa sun yarda da ita, ƙanenta ne bai yarda ba.

Ba ta bar gona ko gida ba. Ta bar 'ya ɗaya, Talatu, da kuma ciwon, don ga shi ya fara kwantar da Talatu. Na'urar ba za ta iso gare mu ba, na san wannan. Makon jiya mijin Talatu ya zo yana min ƙorafi cewa lalaci ne kawai. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na rasa da wace fuska zan yi.